Mai Ciyar da Kurege Shi Ke da Alhakin Ɓarnarsa

A manyan kantunan kayan lambu na Amurka da Ingila akwai kaya iri biyu da ake jerawa kusa da juna, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke sayen su duka. Na farko akwatin katako ne mai murfi, wanda ake kafawa a jikin bishiya a bayan gida, a cika shi da masara ko gyaɗa domin kurege ya zo ya ɗaga murfin ya ci. Na biyu kuwa tarko ne, da ragar ƙarfe, da faifai mai santsi, da ruwan feshi mai yaji, dukkansu don korar wannan kuregen. Kuregen da ake magana a kansa ba irin namu ba ne na ƙasar Hausa mai haƙa rami a gona yana tone gyaɗar da aka shuka. Nasu kuregen bishiya ne mai ruwan toka, nauyinsa wajen rabin kilo, mai tulin gashi a wutsiya, asalinsa dazuzzukan gabashin Amurka ta Arewa. Fiye da mutum miliyan 50 a Amurka ke zuba wa tsuntsaye da ƙananan namun daji abinci a harabar gidajensu, kuma a 2020, lokacin kullen korona, har yayin ƙera wa kurege ɗan ƙaramin tebur da benci aka yi. Ra'ayina shi ne ciyarwar da ɓarnar ba matsaloli biyu ba ne, abu ɗaya ne da farkonsa da ƙarshensa. Wanda ya kafa akwatin ya ɗauki alhakin abin da zai biyo baya, a rufin gidansa, da na maƙwabcinsa, da kuma a kan sauran halittun da ba su da bakin kai ƙara.

Tarihi ya goyi bayan wannan magana fiye da yadda masu ciyarwar suke zato. Yawancinsu na ɗauka cewa kurege ɗan gari ne tun fil azal, su kuma suna taimaka wa wanda suka tarar ne kawai. Masanin tarihi Etienne Benson ya nuna, a binciken da ya wallafa a 2013, cewa a farkon ƙarni na 19 kusan babu kurege a titunan biranen Amurka, sai wanda wani ya kama ya ajiye a keji. Da gangan aka kawo su. A 1847 aka saki 'yan kaɗan a wani dandali na birnin Filadelfiya, aka tanadar musu abinci da akwatunan kwana, sannan Boston da New Haven suka bi sahu. A 1877 aka sake su a Central Park, babban lambun birnin Niyu Yok. Masu wannan aiki mutanen kirki ne, kuma dalilinsu mai kyau ne: suna son talakan birni da ba shi da halin fita ƙauye ya ga wata halitta mai rai kusa da shi, suna kuma ganin yaron da ya saba miƙa wa kurege gyaɗa zai tashi da tausayi maimakon jifa. Amma kafin a cika shekara goma da sakin na Niyu Yok, hukumar lambun ta fara sa a harbe wasu don rage yawansu. Hannun da ya ciyar shi ne ya koma ya ɗauki bindiga. Har yanzu suna nan, domin ƙidayar da aka yi a 2018 ta kiyasta kurege 2,373 a cikin wannan lambu kaɗai.

Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. A daji, yawan kurege yana hawa da sauka ne bisa yawan 'ya'yan itatuwa: shekarar da itatuwan ok suka yi 'ya'ya sosai sai su hayayyafa, shekarar da suka ƙi sai da yawa su kasa tsallake sanyin hunturu. Akwatin bayan gida yana share wannan ma'auni. Macen da ta ƙoshi tana iya haihuwa sau biyu a shekara, a ƙarshen hunturu da kuma tsakiyar bazara, kowace haihuwa 'ya'ya biyu zuwa huɗu bayan ciki na kimanin kwana 44. Abinci ya ƙaru, amma kogon bishiya bai ƙaru ba, don haka uwa mai neman wurin haihuwa sai ta duba inda ya fi kusa da abinci, ya fi ɗumi, ya fi tsaro daga shaho, wato sararin da ke tsakanin silin da rufin gida. Haƙoranta na gaba ba sa daina tsiro har ta mutu, saboda haka gaigaya a wurinta tilas ce, ko katako ne ko roba ko fatar wayar lantarki. Ɓarnar ba ta tsaya a gida ba. Kamfanonin lantarki a Amurka suna lissafa kurege cikin manyan dabbobin da ke jawo ɗaukewar wuta, kuma sau biyu, a 1987 da 1994, kurege ya taɓa kayan lantarki har kasuwar hannun jari ta Nasdaq ta tsaya cak na wani lokaci. Masu sayar da akwatin suna da amsa a shirye: wai idan ka ba kurege nasa mazubin a can gefe, zai ƙyale na tsuntsaye da rufin gida. Wannan na iya aiki na 'yan kwanaki ga kurege biyu ko uku da ke nan. Amma ƙamshin masara ba ya tsayawa a iyakar shinge, kuma waɗanda za su zo daga unguwa, da waɗanda za a haifa nan gaba, ba su san da wata yarjejeniya ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Inda lamarin ya fi muni shi ne Birtaniya, kuma ya kamata a tsaya a kansa, domin nan ne aka ga ƙarshen sha'awar da ba ta yi lissafi ba. Ƙasar tana da nata kuregen na asali, ja, ƙarami, mai tuntun gashi a kan kunne. A 1876 aka saki na toka da aka kawo daga Amurka a wani gandu mai suna Henbury Park a yankin Cheshire, don ƙawa kawai. A 1890 aka saki wasu a Woburn, gandun Sarkin Bedford, wanda daga baya ya riƙa raba zuriyarsu kyauta ga abokai a sassan ƙasar. A Ayalan ma a 1911 ne aka kai su Castle Forbes a matsayin kyautar biki. Kafin hukuma ta farga ta hana shigo da su da ajiye su a 1937, aikin gama ya gama. Yau ana kiyasta na toka sun haura miliyan biyu da rabi a Birtaniya, jajayen kuwa ba su kai 300,000 ba, kuma mafi yawansu sun maƙale a Sikotlan. Na toka ya ninka ja a nauyi, yana iya narkar da 'ya'yan ok fiye da shi, yana kuma tone abin da jan ya binne. Mafi muni, yana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai kama da agana wadda shi ba ta cika yi masa komai ba, amma idan ta kama ja sai fuska da ƙafafu su yi gyambo, ya mutu yawanci cikin mako biyu. To a ina dabbobi biyu da a daji za su iya kauce wa juna suke haɗa baki da yawu a wuri ɗaya? A kan murfin akwatin da wani mai tausayi ya kafa.

Itatuwa ma sun ɗanɗana. Kuregen toka yana ɓare ɓawon ƙananan bishiyoyi a farkon bazara don ya kai ga zaƙin da ke ƙarƙashi, kuma idan ya zagaye gangar jikin sai saman ya bushe, ko ruɓa ta shiga katakon ya tashi daga na gini ya koma na hura wuta. Wani rahoto da ƙungiyar masu gandun daji ta Royal Forestry Society ta shiga cikin fitar da shi a 2021 ya kiyasta asarar da fam miliyan 37 a kowace shekara a Ingila da Wels. Italiya kuwa ta ba da darasi na daban, mai ɗaci. A 1948 aka saki kurege huɗu kacal kusa da birnin Turin. A 1997, lokacin da suke cikin yanki ƙarami da za a iya shawo kansa, hukumar binciken namun daji ta ƙasar ta fara gwajin kawar da su. Masu kare haƙƙin dabbobi suka kai ƙara, aka dakatar da aikin, aka shafe shekara uku ana shari'a. Kafin a wanke jami'an a 2000, kuregen ya bazu yadda kawar da shi ya gagara. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyar waɗanda suka kai ƙarar ba, amma sakamakon shi ne dabbobin da za a kashe a shekarun da suka biyo baya sun ninka waɗanda aka ceta, ga kuma jajayen da suka ɓace a wuraren da na tokan ya mamaye.

Babbar hujjar da za a kawo a kaina ita ce ta tausayi, kuma ga mai karatu Musulmi tana da nauyi na musamman. An karantar da mu tun muna yara labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar don ta tsare kyanwa ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wa zai ce ciyar da dabba laifi ne? Ba ni ba. Amma a lura da halin dabbobin nan biyu: ɗaya yana gab da halaka, ɗayar kuma an hana ta neman na kanta. Kuregen da ke bayan gida a unguwa mai itatuwa ba ya cikin ko ɗaya. Ƙwararren mai tanadi ne, yana binne ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya a wurare masu ɗimbin yawa kafin hunturu, kuma waɗanda bai tone ba su ne ke tsirowa su zama sabon daji. Masu bincike irin su Michael Steele sun nuna har bambancewa yake yi: 'ya'yan farin ok da ke saurin tsiro sai ya cinye nan take ko ya cire musu ƙwayar tsiro kafin ya binne, na jan ok masu jinkiri kuma su yake adanawa. Dabbar da ke da wannan basira ba ta jiran sadakar kowa. Abin da ake zuba mata ma sau da yawa cutarwa ne, domin gyaɗa da masara da 'ya'yan fulawar rana ba su da isasshen sinadarin da ke gina ƙashi, kuma idan suka jiƙe a akwati suka yi funfuna sukan ɗauki dafin nan da manoman gyaɗa suka sani sarai. Addinin da ya yabi shayar da kare shi ne kuma ya koyar da cewa wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi sadaka ce a gare shi, shi ne kuma ya hana cutar da maƙwabci. Itace yana ciyarwa a lokacinsa, gwargwadon abin da ƙasa ta bayar, yana ba da wurin kwana tare da abincin, ba ya kuma tara dabbobi ashirin a kan faranti ɗaya. Mai son lada a wannan fanni, ga hanyar da ba ta da kishiya.

Akwai kuma mai cewa idan sun yi yawa ai sai ya kama su da tarko, ba tare da ya ji musu ciwo ba, ya kai su daji ya sake. Wannan ya fi kwantar wa mutum da hankali fiye da yadda yake amfanar dabbar. A wani bincike da aka wallafa a 2004 a jihar Maryland, an ɗauke kuregen toka daga unguwannin gefen birni zuwa wani babban daji, aka bi sawunsu da na'ura, sai aka tarar kashi 97 cikin 100 sun mutu ko sun ɓace daga wurin cikin wata uku. An raba su da rumbunansu na ƙarƙashin ƙasa, an jefa su yankin da ke da masu shi, ba su san mafaka ba. Idan kuma uwa ce aka ɗauke, 'ya'yanta na nan cikin silin suna mutuwa da yunwa. A Birtaniya ma doka ta rufe wannan ƙofa: tun dokar namun daji ta 1981 laifi ne a saki kuregen toka bayan an kama shi, don haka wanda ya ɗana tarko ya ɗaura wa kansa wajibcin kashewa ba tare da azabtarwa ba. Guba ta fi kowanne muni. Maganin ɓera mai tsinka jini yana ɗaukar kwanaki kafin ya kashe, a tsakanin nan dabbar na yawo a raunane har mujiya ko shaho ko karen gida ya cinye ta ya kwashi rabonsa. Kuma ko an kawar da na yau, muddin akwatin na cike, wasu za su maye gurbin.

Abin da ke aiki ba shi da armashi, shi ya sa ba a cika tallarsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kurege ba ya bukatar ƙofar da ta wuce faɗin santimita 4 ko 5. A zagaya rufi a toshe kowace kafa da ragar ƙarfe mai kauri, ba da katako ko roba ba. A sare rassan da suka kusanci rufi har su yi nisan mita biyu zuwa uku, domin yana iya tsallen sama da mita biyu daga reshe zuwa bango, kuma idon sawunsa na baya yana juyawa yadda zai sauko daga bishiya da kai ƙasa. Idan ya riga ya shiga, a sa ƙofa mai buɗewa waje kaɗai, amma kada a yi haka a watannin da jarirai ke cikin sheƙa, sai sun yi wayon fita da kansu, in ba haka ba uwar za ta fasa sabon wuri don ta kai gare su. Mai ciyar da tsuntsaye ya kafa mazubinsa a kan sandar ƙarfe nesa da kowace bishiya, ya sa faifai mai santsi a ƙasansa, ya share abin da ya zube. Wasu na gauraya tsabar da garin barkono, tunda tsuntsu ba ya jin yaji amma kurege na ji.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta 'yanci da kaɗaici, kuma ita ce ta fi taɓa zuciyata. A waɗannan ƙasashe akwai tsofaffi da yawa da ke zaune su kaɗai, 'ya'ya sun yi nisa, kuma zuwan kurege taga da safe yana cikin abubuwan da ke sa su ji akwai mai jiransu. Ba zan raina wannan ba. Sai dai gida na mutum ne, amma dabbar ba tasa ba ce, ba ta kuma san iyakar fili ba: a nan za ta ci, a tukunyar furen maƙwabci za ta binne, a rufin na gaba da shi za ta haihu, kuma wanda bai ji daɗin kallon ba shi zai biya mai gyara. Irin wannan lissafi ne ya sa birnin Toronto na Kanada ya hana ciyar da namun daji ko a filin hukuma ko a harabar gida daga 1 ga Afrilu 2023, ya bar ƙofa ga mazubin ƙananan tsuntsaye kawai, shi ma da sharaɗin tsafta. A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, ko da ba mu da al'adar ƙera wa kurege akwati. A gidajenmu ana watsa tsaba don tantabaru da kurciyoyi, wani don kiwo wani don sadaka, kuma abin da tsuntsu bai tsince ba kafin magariba rabon ɓera ne da gafiya. Cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, tana shiga gida ne ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera da ke bin hatsi. Ba a ce a daina sadakar ba, amma a zuba gwargwadon abin da za a cinye da rana, a wuri mai nisa da ɗakin girki da rumbu, a share saura.

Shin akwai inda akwatin ke da halalci? Akwai, kuma sharuɗɗansa ne ke nuna bambanci. A tsibirin Anglesey na Wels jajayen kurege sun ragu har ba su kai 40 ba a ƙarshen shekarun 1990. Aka yi shekaru ana kawar da na toka, aka tallafa wa jajayen da akwatunan kwana da na abinci, har a 2015 aka bayyana tsibirin ya rabu da baƙon, jajayen kuma suka kai ɗaruruwa. A tsakiyar Ayalan kuwa ba akwati ne ya yi aikin ba: binciken Emma Sheehy da Colin Lawton na 2014 ya nuna inda wata dabbar daji mai farauta a kan bishiya, wadda Turawa ke kira fayin matin, ta farfaɗo bayan an daina kashe ta, na toka sun ragu ƙwarai, jajaye sun dawo. A Ingila hukumar kula da lafiyar dabbobi da tsirrai tana gwajin maganin hana haihuwa da za a gauraya cikin abinci, a sa a akwati mai ƙofa mai nauyi wadda kuregen toka zai iya turawa amma ƙananan dabbobi ba za su iya ba. A wuraren da jajaye suka rage, masu aikin sa kai da ke ciyar da su suna bin ƙa'ida: abinci kaɗan kuma ba kullum ba, a wanke akwatin da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kai a kai, a rubuta abin da aka gani, kuma ranar da aka hangi na toka ko aka ga ja mai gyambo a fuska, a sauke akwatunan unguwar gaba ɗaya a sanar da masu kula da yankin.